Sharhi kan rangadin yini guda zuwa Humen, inda aka narkar da ofiyam ɗin Turawa

Duk ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou saro kaya ya san ranakun jira. Ka biya kuɗi, masana'anta ta ce sai mako mai zuwa, mai kwantena ya ce bai samu gurbi a jirgi ba, kai kuma kana otal kuɗin ɗaki yana hawa. Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke wajen Xiaobei, unguwar da mutanenmu suka fi sauka, ya lura da haka, sai yake tallata rangadin yini guda zuwa Humen, garin da ke bakin Kogin Lu'ulu'u a yankin Dongguan. 'Yan kasuwa da tufafi suka san Humen. Sinawa kuwa da wani abu daban suka san shi: a nan ne a 1839 wani jami'in sarki mai suna Lin Zexu ya lalata ofiyam ɗin fataken Ingila, wani kayan maye da ake sha a lofe, daga nan yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Ingila. Na bi wannan rangadi tare da abokan sana'a 'yan Kwari da wani dattijo ɗan Maraɗi. Wurin ya cancanci a je shi. Kamfanin dai rabin aikinsa ya yi.

Alkawarin da suka yi shi ne ƙaramar bas daga ƙofar otal, jagora Basine mai jin Turanci, tafinta mai jin Hausa, abincin rana na halal, da tsayawa wuri huɗu: gidan tunawa da Lin Zexu inda ramukan da aka narkar da ofiyam ɗin suke, gidan tarihin yaƙin ruwa, ganuwar igwa ta Weiyuan, sai tsibirin Shamian a hanyar dawowa. Motar tsaf take, sanyinta yana aiki, direban kuma ba mai ganganci ba ne. Tafintan wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da ke karatu a can, kuma shi ya ceci tafiyar. A ƙofar gidajen tarihin fasfo kawai aka duba mana, ba a karɓi ko sisi ba, ke nan kuɗinmu na mota ne da baki da abinci. Da sun faɗi haka tun farko da ya fi, maimakon rubuta wa mutane cewa kuɗin ya haɗa da tikitin shiga.

Ramukan ba za su burge ka da gani ɗaya ba. Tafkuna ne biyu masu kusurwa huɗu, ruwansu kore-kore, teku ma ta janye daga wurin, gari ya kewaye shi. Sai an gaya maka abin da aka yi a cikinsu. Mutane da yawa suna cewa ƙona kayan aka yi, alhali ba ƙonawa aka yi ba, domin an riga an gwada wuta an ga ƙaron yana narkewa ya shiga ƙasa, mashaya su zo su haƙe ƙasar su tace. Sai Lin ya sa aka haƙa ramuka aka shimfiɗa musu dutse, aka cika su da ruwa da gishiri, aka farfasa dunƙulen ofiyam aka zuba, sannan aka antaya toyayyar farar ƙasa. Ruwan ya riƙa tafarfasa yana hayaƙi, in teku ta ja baya a buɗe ƙofa a kora shi. Leburori wajen 500 suka yi aikin, ana caje su in za su fita. An fara ranar 3 ga Yuni, 1839, aka kwashe kwana 23 ana yi. Akwati 20,283 Turawan suka miƙa, sama da tan 1,000. Ranar 26 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da wannan aiki aka danganta ta. Duk wannan jagoran ya faɗe shi da kyau, a nan ba ni da ƙorafi.

Ƙorafina ya fara ne da muka shiga zauren baje koli. Jagoran ya ɗauki labarin kamar tatsuniya: ga jarumi, ga mugayen baƙi, shi ke nan. Mu kuwa 'yan kasuwa ne, tambayarmu ɗaya ce: kayan da aka haramta tun 1729, aka sake haramta shigo da shi a ƙarshen ƙarnin, ta yaya ya tashi daga akwati wajen 4,000 a shekara a farkon shekarun 1800 zuwa kusan 40,000 a 1838? Kaya ba ya shiga ƙasa da ƙafarsa. Amsar tana cikin zauren, a taswirori da hotunan jiragen ruwa da ma'aunan azurfa da lofen mashaya, amma jagoran yana wuce su da sauri. Ɗan Damagaram ne yake tsayawa yana karanta mana allunan yana ƙarawa da abin da ya sani.

Ga yadda harkar take. Ofiyam ƙaro ne mai ɗanko da ake tatsa daga ƙwallon wani fure, kuma daga gare shi ake samar da kodin ɗin da Najeriya ta hana shigo da maganin tarinsa a 2018. Mutanen Ingila sun kamu da shan shayi, ganyen kuma a lokacin Sin ce ke da shi. Tun 1757 sarkin Sin ya taƙaita cinikin Turawa a tashar Guangzhou kaɗai, ta hannun wasu attajirai da gwamnati ta ba lasisi. Sinawa ba su da wata buƙatar kirki ga ulun Ingila, azurfa suke karɓa. A 1793 Ingila ta aiko Lord Macartney ya roƙi a buɗe ƙofa, sarki Qianlong ya sallame shi hannu rabbana. To, sai Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin Ingila da ke sayen shayin, ya samo abin da zai dawo da azurfar. Tun 1773 ya mallake noman ofiyam a Bengal. Yana ba manoman yankin Patna da Benares kafin alƙalami, su noma, su sayar masa shi kaɗai a farashin da ya yanka. A masana'antunsa ake dunƙula shi, a zuba dunƙule 40 a akwati, a buga hatimin kamfani.

A nan wayon yake. Kamfanin ba ya kai ko akwati ɗaya Sin a jirginsa, don kada ya rasa izinin sayen shayi. A Kalkata yake yin gwanjonsa, 'yan kasuwa masu zaman kansu su saya su ɗauka. Mafi shahara su ne Jardine da Matheson, waɗanda suka kafa kamfaninsu a 1832, da gidan Dent. Akwai attajiran Bombay irin su Jamsetjee Jejeebhoy da ke turo na yankin Malwa, akwai Amurkawa na Russell da ke kawo na Turkiyya, cikinsu har da Warren Delano, kakan shugaba Franklin Roosevelt. Daga wajen 1821 ba sa ma shiga kogi da kayan. Sukan ajiye manyan jirage a gefen tsibirin Lintin, a bakin teku, su zama sito a kan ruwa. Dillali Basine zai je ofishin Bature a Guangzhou ya zube azurfa, a ba shi takarda. Da takardar 'yan fito za su je Lintin cikin dogayen kwale-kwale masu matuƙa da yawa da makamai, su ɗauki kaya su shige rafuka. Masu sintirin ruwa na gwamnati kuma an riga an ba su nasu a kan kowane akwati. Azurfar da Bature ya tara sai ya miƙa wa baitulmalin kamfanin a Guangzhou, a ba shi takardar karɓar kuɗi a Landan ko Kalkata, kamfani kuma ya sayi shayi da ita. Duk wanda ya san yadda fiton shinkafa yake a kan iyakokinmu ba sai an yi masa dogon bayani ba: mai kaya bai taɓa kaya ba, mai gadi kuma bai ga komai ba.

Dattijon Maraɗi, wanda shiru yake tun safe, a nan ya yi magana. Ya ce wa tafinta, "Yaro, tambayar mini shi, su waɗanda suka karɓi na goro a bakin ruwa, Turawa ne?" Tafintan ya ce, "To, Baba," ya juya ya tambaya. Jagoran ya yi murmushi ya ce akwai ɓatagari a ko'ina, ya ɗaga tutarsa ya yi gaba. Ban ga laifinsa da kishin ƙasarsa ba, kowa ya san wa aka zalunta a wannan labari. Amma in ka cire dillalan gida da jami'an da suka ci, ka rage wa Lin Zexu girma ne, domin da su ya fara. Cikin watannin farko na aikinsa ya kame Sinawa sama da 1,000, ya ƙwace dubban lofe. Kuma fadar kanta ba bakinta ɗaya ba: a 1836 wani jami'i mai suna Xu Naiji ya ba da shawarar a halatta kayan a sa masa haraji, a 1838 wani mai suna Huang Juezi ya ce a kashe duk mashayin da ya ƙi bari. Abin da ya fi tayar wa sarki Daoguang hankali shi ne azurfa da ke zurarewa waje. Talaka da kuɗin tagulla yake ciniki, haraji kuma da azurfa ake lissafa shi, saboda haka duk tsadar da azurfa ta yi, a wuyan manomin da bai taɓa ganin lofe ba take sauka.

Wurin da na fi so a tsaya a kai, jagoran da jimla ɗaya ya wuce shi. Da Lin ya iso Guangzhou a watan Maris na 1839, ya ce a miƙo kaya, kowa kuma ya sa hannu cewa ba zai sake kawowa ba. Da suka yi taurin kai ya janye musu ma'aikata, ya tsare su a unguwarsu na makonni. Sai wakilin Ingila, Charles Elliot, ya ce wa fataken su miƙa masa kayan shi, da sunan gwamnatin Sarauniya, za a biya su. Ka lura fa, a lokacin kasuwar ta riga ta faɗi saboda kame, kaya ya yi kwantai a Lintin babu mai saye. Ga wanda ya zo ya ce zai ɗauke duka a kan asusun gwamnati. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙi? Da wannan takarda ta Elliot kayan fasa-ƙwauri ya koma dukiyar Sarauniya, abin da Lin ya zuba a rami kuma ya zama bashin da Ingila za ta bi Sin. Majalisar Ingila ba ta da niyyar biyan wannan kuɗi daga aljihunta. Jardine ya je Landan ya zauna da sakataren harkokin waje, Palmerston, da taswirorin gaɓar Sin a hannunsa. A watan Afrilu na 1840 aka kawo ƙudirin Allah wadai da yadda gwamnati ta tafiyar da lamarin, matashin ɗan majalisa William Gladstone ya yi tir da yaƙin da kakkausar murya, amma ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 271 da 262. Tazarar ƙuri'a 9.

Akwai kuma wasiƙar da Lin ya rubuta wa Sarauniya Victoria yana tambayarta ina imanin mutanenta, tunda a ganinsa sun hana kayan a ƙasarsu suna kawo wa wasu. Wasiƙa ce mai ratsa jiki, sai dai an ba shi labarin da ba daidai ba, don a Ingila a lokacin ana sayar da ruwan ofiyam a kanti a matsayin magani, har jarirai ake ɗura wa. Wannan ma daga bakin tafinta muka ji. Haka nan labarin gidan Olyphant, Amurkawan da suka ƙi taɓa wannan ciniki, wanda ɗaya daga cikinsu, Charles King, ya zo Humen ya ga aikin ramukan da idonsa. Ashe ko a cikin baƙin akwai waɗanda suka ga riba suka kau da kai.

Daga nan sai abin da ya ɓata mini rai. Maimakon mu wuce bakin ruwa, sai aka sauke mu a wani shagon ganyen shayi wai mu huta. Aka jera mana ƙananan kofuna, wata budurwa tana ta zuba bayani, ana nuna mana gwangwanaye masu tsadar da ba ta da dalili. Mu da muka san kamasho tun muna yaran shago, ai ba sai an gaya mana ba. Lokacin da aka ƙona a shagon nan daga na ganuwa aka yanke shi. Abincin rana dai babu laifi, taliyar hannu ce da naman sa a wani gidan abincin Musulmin arewa maso yammacin Sin, da zafinta, mai wadatarwa. Sallah kuwa ba su yi mata wani tanadi ba duk da sun san su wa suka ɗauko. Mu muka nemi gefe muka shimfiɗa abin da muke da shi muka yi kasaru.

Gidan tarihin yaƙin ruwa babba ne, yana kallon kogi, da gadar Humen da aka buɗe a 1997 tana ratsa sama. A ciki za ka ga bambancin makaman ɓangarorin biyu ƙuru-ƙuru. Akwai siffar Nemesis, jirgin ƙarfe mai tafiya da tururi na Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ba ya jiran iska kuma yana shiga ruwa marar zurfi inda ba a zaci jirgin yaƙi zai shiga ba. Ranar 7 ga Janairu, 1841 ya tarwatsa jiragen katakon Sin a kusa da nan. Amma ganuwar Weiyuan ita ce ta fi komai a tafiyar. Doguwa ce mai lanƙwasa a bakin ruwa, da ɗakunan igwa a jere, kowane da tagarsa tana kallon mashigin kogi. Kwamandan ruwa Guan Tianpei ya ƙarfafa wuraren nan, har sarƙoƙin ƙarfe ya sa aka gitta a ruwa. In ka tsuguna bayan igwa ka leƙa ta tagar za ka gane matsalar da kanka: bakinta gaba kawai yake kallo. Sojan Ingila, da yawansu ma Indiyawa ne, sai suka riƙa sauka a gefe suna zagayowa ta baya. Guan ya mutu a waɗannan ganuwowi ranar 26 ga Fabrairu, 1841. Lin kuwa tuni sarki ya tuɓe shi, daga baya ya kora shi Ili, can ƙuryar Xinjiang. A nan nake son in zauna in daɗe, amma ba mu gama zagaye ba jagoran ya fara kaɗa tuta yana nuna agogo.

A mota ya karanto mana sharuɗɗan yarjejeniyar Nanjing ta 29 ga Agusta, 1842 kamar mai karanta rasit: tsibirin Hong Kong ga Ingila, buɗe tashoshi 5, wato Guangzhou, Xiamen, Fuzhou, Ningbo da Shanghai, da diyyar dalar azurfa miliyan 21. Cikinsu miliyan 12 kuɗin yaƙi ne, miliyan 3 basussukan attajiran Guangzhou, miliyan 6 kuma kuɗin abin da aka zuba a rami. Wato an biya masu fasa-ƙwauri kuɗin kayansu. Yarjejeniyar ba ta halatta cinikin ba, aka ci gaba da fito a fili. Sai a yaƙi na biyu, na 1856 zuwa 1860, wanda Faransa ta shiga, aka sa wa ofiyam kuɗin kwastam a 1858 ya zama halattaccen kaya, aka kuma ƙone fadar bazara ta sarki a Beijing a 1860. Zuwa wajen 1880 abin da ke shigowa daga Indiya ya kusa ninka na zamanin Lin. Daga baya noman gida a Sichuan da Yunnan ya zarce na waje, wani babin da jagoran bai taɓo ba.

Ni na kawo zancen Gwamna Lugga a motar, kuma na ga 'yan Kwari sun gyara zama. Frederick Lugard ɗin da sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, da ya bar Arewa a 1906, Hong Kong aka tura shi gwamna daga 1907 zuwa 1912, kafin ya dawo ya haɗe Najeriya a 1914. Ya tarar da mulkin da babban kaso na kuɗin shigarsa daga lasisin ofiyam yake fitowa. Da Landan ta ba da umarni a 1908 a rufe gidajen shan lofe, Lugga ya yi ta jayayya saboda giɓin da za a samu a baitulmali, sai a 1910 aka gama rufe su. Har yau akwai titi mai sunansa a kan dutsen Hong Kong. Kamfanin da ke neman kuɗin Hausawa ya kamata a ce ya san wannan ya sa a bayaninsa. Jagoran bai taɓa jin sunan ba, amma ya rubuta a wayarsa, na yaba masa da wannan.

Shamian da duhu muka isa, saboda cunkoson yamma da kuma shagon shayi. Tsibiri ne ɗan ƙarami da Ingila da Faransa suka raba bayan yaƙi na biyu, kashi huɗu cikin biyar na Ingila, ɗaya na Faransa, bayan tsohuwar unguwar fatake ta ƙone a 1856. Gine-ginen Turawa ne da manyan bishiyoyi, amare da angwaye suna ɗaukar hoto. Ba ya buƙatar jagora, jirgin ƙarƙashin ƙasa ma yana kai ka kusa da shi, don haka cire shi daga rangadin ba asara ba ce.

Wanda ke jin Turanci kuma ya saba da garin, ya hau jirgin ƙasa mai sauri daga tashar Guangzhou ta Kudu, bai kai rabin awa ba yana Humen, ya ɗauki tasi tsakanin wuraren. Zai kashe ƙasa da abin da muka biya nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya zo da iyaye ko dattawan da sai da Hausa, rangadin yana da amfani, amma saboda tafintan ne, don haka ka tabbatar da shi za a tafi kafin ka ba da kuɗi. Ka sa su rubuta maka a saƙo cewa babu tsayawa a shago, ka ce a fara da Weiyuan da safe kafin rana ta yi zafi, a ware lokacin azahar, sannan a musanya Shamian da ganuwar Shajiao, inda kwamanda Chen Liansheng ya mutu a harin Janairun 1841, wadda ba ta cikin jerinsu sai ka nema. Fasfo na ainihi za ka riƙe, ba hotonsa a waya ba.